Amsar Nas Ta Zo Ranar Talata Ta Uku

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. 'Yar goggona ce ta ce in rubuto mata fodkas ɗin da na fi so ta tura wa ƙawayenta, tunda a cewarta duk dangi babu wanda ya kai ni cusa abu a kunne. Na rubuta na ɗaya, na rubuta na biyu, da na zo kan na uku sai na ajiye biro. Takardar ta yi kwana tara a ƙarƙashin filo. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ba na son a san da ni. Amma ba zan iya ce wa mutum ya bi na ukun nan in yi shiru da abin da ya faru ba.

Ga wanda bai sani ba, fodkas shiri ne na magana kamar na rediyo, sai dai a waya yake, ka sauke shi ka ji lokacin da ka ga dama. In ka danna kana bin sa, duk ranar da suka saki sabo wayarka za ta yi ƙara ta sanar da kai.

Guga nake yi a wani shagon wanki. Mu biyu ne a ɗakin baya, ni da wata da muke kira Anti Sitati, don komai ya shiga hannunta sai ta zabga masa sitati har ya iya tsayuwa da kansa. Teburi biyu, dutsen guga biyu, da fanka ɗaya wadda ba ta tashi sai an tura ta da hanga. Daga takwas zuwa biyar a tsaye muke. Bakin Anti Sitati ba ya hutawa. Ni kuwa in zan yi wa mutum magana sai maganar ta zo bakina ta tsaya. Shi ya sa kullum iyafis ɗin wayata na kunnena, har ta raɗa mini 'Yar Kunne.

Shirin farko na wasu tsofaffin direbobi ne biyu da suka ajiye tuƙi, suke zama su yi ta musu a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sun taɓa cinye awa guda a kan ko tayar gaba ce ta fi shan wahala ko ta baya, suka tashi ba wanda ya sauka daga kan bakansa. Na biyu na wata mata ce da ke bin masu sana'a tana tambayar su yadda suke aiki. Ranar da ta je wurin mai guga sau huɗu na ji, duk da daga bayaninsa na gane mutumin bai iya fitar da kari ba.

Na uku shi ne na Nas. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya. Kowace Talata ita da mijinta suke sakin shiri: mutane su aiko da tambaya ta saƙon murya, shi ya kunna, ita ta amsa. Ba ta tsawa, ba ta sa mutum ya ji shi jahili ne. Kowa a wurinta “ɗana” ne ko “'yata”. Nas ba ta yi mini laifin komai ba, kuma har yau ina bin ta.

Tun rasuwar Baba ni da Inna muke zaune a ɗaki biyu, a bayan wani gidan haya. Yaya tana can ɗaya gefen gari da mijinta da 'ya'yanta, sai ranar Lahadi take leƙo mu. Inna ta shekara shida da ciwon suga. In na dawo da yamma nakan sa wayar a cikin kofin ƙarfe don sautin ya ƙaru, mu ji tare. Ita direbobin ta fi so, takan ma sa musu baki. Nas kuwa “ƙawarki” take ce mata.

A jikin zanin gado na fara gani. Ni tabo aikina ne, na san na shayi, na san na mai, na san na biro. Wannan rawaya-rawaya ne da ɗan ja a gefe, kuma ya sa yadin ya ƙage.

Na ce, “Inna, mene ne wannan?”

“Shayi ne.”

“A wajen ƙafa?”

“To da ƙafa nake sha, sai me?”

Na durƙusa na kama ƙafarta ta hagu. A ƙarƙashin babban yatsa akwai rami kamar ƙwayar wake. Wata ƙaramar ƙusa ce ta ɓullo a takalminta, ta je kasuwa da ita ta dawo ba ta ji komai ba.

Ta janye ƙafar ta ce, “Auta, kar ki kuskura yayarki ta ji. Waccan kafin in ɗaura ɗankwali ta kai ni asibiti. Kin tuna matar da ke gadon kusa da ni waccan kwanciyar? Da ƙafa biyu ta shigo. Ki yi mini alkawari.”

Na yi mata.

Sau biyu na je kemis da niyyar tambaya. Na shirya maganar tun daga gida, ina ta maimaita ta a hanya. Zuwan farko maza uku na tarar suna hira da mai kemis, duk suka juyo suna kallona, na ce a ba ni auduga. Zuwa na biyu shi kaɗai ne, ya ce, “Ƙanwata, me za a kawo?” Na ce bandeji.

Sai na koma kan tsofaffin shirye-shiryen Nas na nemo wanda ta yi a kan rauni. Ta ce a wanke da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a tsane, a rufe da abu mai tsabta. A ƙarshe ta ce in ya kwana uku bai fara kamewa ba a je asibiti. Ta faɗa, kuma na ji. Na ɗauki wanda zan iya na bar wanda ba zan iya ba. Safe da yamma nake wanke ƙafar, har sati ya zagayo. Ramin bai rufe ba, sai ma bakinsa da ya yi fari.

Ranar Laraba na yanke shawarar tambayar Nas da kaina. A shirin akwai wurin da ake dannawa a yi magana, ba a ganin fuska, ba a neman suna. Na shiga sito lokacin cin abinci, na tsaya tsakanin kwat-kwat ɗin mutane da ke rataye cikin leda, na yi ta ɗauka ina gogewa. Sai a na goma sha ɗaya na kai ƙarshe. Na faɗi shekarun Inna, na faɗi ciwon suga, na faɗi girman ramin da kalarsa da kwanakin da ya yi, na ce kuma ba ya yi mata zafi ko kaɗan.

Da na fito Anti Sitati ta ce, “'Yar Kunne, saurayi kika yi a cikin kwat ɗin mutane? In dai mai shuɗiyar nan ce, ki haƙura, aljihunsa duk rasit ne.”

Na yi murmushi na koma kan teburina. Raina ya yi sanyi ranar. Gani nake na riga na kai maganar inda ya kamata, saura jira.

Talatar farko wayar ta yi ƙara da hantsi. Aka yi maganar haƙoran yara, aka yi ta minshari, mijin Nas ya rantse shi bai taɓa yi ba, ta ce tana da shaidu har maƙwabta. Na ji har ƙarshe, ba a zo kan nawa ba. Na ce mutane da yawa ne, layi ne, zai zo.

A satin nan wari ya fara. Na riƙa ɗebo turaren kaya na shago a 'yar kwalba ina fesa wa labule da katifa. Inna ta koma sa safa duk zafin da ake yi. Kullum in na kwance bandejin sai ta ce, “Ba ya zafi fa. Ai sauƙi ke nan. Abin da zai yi ɓarna zafi yake yi.” Ni ma haka na ɗauka, ko kuma haka na so in ɗauka.

Ranar Lahadi Yaya ta zo da lemo a leda. Tun daga bakin ƙofa ta yamutsa fuska.

“Ɓera ya mutu a ɗakin nan.”

Inna ta ce, “Ni hancina ya tsufa.”

“Auta, ke ma naki ya tsufa? Tashi ki kama mini akwatin nan.”

Na tashi. Muka janye akwati, muka ɗaga katifar ƙasa, muka fito da tukwanen da ke bayan ƙofa. Yaya ta kwanta rub da ciki tana haska ƙarƙashin gado da fitilar waya, kanta bai fi taku ɗaya da ƙafar Inna ba. Ina riƙe da tsintsiya ina taya ta neman abin da na san babu shi. Inna tana kallona daga kan gado, ni ina kallon ƙasa.

Yaya ta miƙe tana kaɗe zani ta ce, “A cikin silin yake. Ki gaya wa mai gida. Au, na manta, ke ba kya magana. Bari ni zan kira shi.”

Talata ta biyu aka yi ciwon ido da hawan jini. A lokacin yatsan ya fara baƙi daga ƙasa, kamar an goga masa gawayi. Inna ta ce bushewa yake yi. Ta daina sa wa direbobi baki, sai dai ta kwanta ta rufe ido, abinci ma cokali uku ta ture. Na yi tunanin sake aika wani saƙon, sai na ji kunya kar a ce na cika naci.

Talata ta uku ina kan wata farar riga wayar ta yi ƙara. Bayan gaisuwa mijin Nas ya ce, “Saƙon farko daga wata 'yarmu ce da ba ta faɗi suna ba. Sai kun kasa kunne, don muryar kamar ta sauro.”

Sai na ji kaina. Ban taɓa sanin haka nake rawar murya ba. Da saƙon ya ƙare aka yi shiru, har na duba ko wayar ce ta tsaya.

Nas ta ce, “'Yata, in kina ji na, ajiye abin da ke hannunki. Wannan ba na gishiri da ruwan ɗumi ba ne. Rashin zafin nan da kike gani kamar sauƙi, shi ne abin tsoron, ciwon suga ya kashe jijiyar da za ta gaya mata. Ki kai ta asibiti yau. Kar ya kwana. In ta ƙi, ki nemo wanda take jin tsoro a gidanku.”

Ta juya kan mijinta, muryarta ta sauya. “Malam, yaushe wannan ya shigo?”

“Kwana shida ke nan.”

“Kuma wannan da muke ɗauka yaushe zai fita?”

“Akwai biyu a gabansa. Sai nan da sati biyu.”

“Nemo mini lambarta.”

“Babu lamba, ta maɓallin shiri ta aiko.”

“To ka rubuta a shafinmu yanzu, da manyan baƙaƙe. Allah ya sa ta gani.”

Ban gani ba. Ni ban ma san suna da shafin da ake rubutu ba, ƙarar waya kawai nake jira. A zatona yadda nake jin su ranar Talata, ranar Talatar suke magana. Daga baya na nemo rubutun, layi biyu ne, ya yi kwana goma sha huɗu yana zaune.

Na jingine dutsen guga. Na so in yi wa Anti Sitati bayani, na kasa. Sai na zare iyafis ɗaya na miƙa mata, na mayar da shirin baya. Ta karɓa tana dariya, tana cewa yau ga 'Yar Kunne ta yi kyauta. Can dariyar ta ɗauke. Ta ji har ƙarshe, ta cire ta dube ni.

“Ke ce wannan?”

Na gyaɗa kai.

“Yau kwana nawa?”

Na nuna mata da yatsu sau biyu, goma da goma.

“Kashe dutsen nan. Ba ni lambar yayarki.”

“Na yi wa Inna alkawari.”

“Ni ban yi ba. Kawo.”

Ni da Yaya kusan tare muka isa gida, ita a tasi. Ba ta gaishe da kowa ba, ta wuce ta zauna a bakin gado ta zare safar, ta warware bandejin. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce a hankali, “Ɓeran ke nan.”

Inna ba ta kula ta ba, ni ta duba. “Auta, kin ci amanata.”

Da direban tasi muka kama ta zuwa mota, don ƙafar ba ta takuwa.

A asibiti likitan bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Ya sa safar hannu yana danna ƙafar daga ƙasa zuwa sama, yana tambaya, “Mama, kina ji?” Tana cewa a'a. Sai da ya wuce idon sawu ta ce, “Nan ina ji.” Ya tambayi tun yaushe. Yaya ta dube ni, Inna ta dubi bango. Na ce kwana ashirin da bakwai. Ya ce, “Na'am?” Yaya ta maimaita masa da ƙarfi yadda duk ɗakin sai da ya ji.

Ya ciro biro ya ja layi a ƙwaurinta, daidai inda jan da fatar ta yi ya tsaya. Ya ce za a sa mata ruwa da allurai, in jan bai haye layin nan ba akwai abin da za a iya cetowa. Kwana biyu aikina ke nan, ɗaga bargo ina duba layin biro. Ranar Laraba da yamma jan ya taɓa shi. Ranar Alhamis da safe ya wuce da faɗin yatsa biyu.

Yaya ce ta sa hannu a takardar yi wa Inna aiki. Kafin ta sa ta tambaye shi, “Likita, da mun zo sati biyu da suka wuce fa?”

Ya ce, “Da wataƙila yatsa ne kawai. Wataƙila.”

Muna zaune a bencin ƙofar tiyata Yaya ta yi magana ba tare da ta kalle ni ba.

“Mutum dubu nawa ke jin shirin nan?”

“Ban sani ba.”

“Duk sun san ƙafar uwata tana ruɓewa. Ni da muka fito ciki ɗaya ina kwance a ƙasa ina neman ɓera, kina riƙe mini tsintsiya.”

“Ita ta ce kar in faɗa.”

“Ita ta ce. To ga shi nan ta ce.”

Daga nan ba ta ƙara yi mini magana ba. In tana son abu sai ta faɗa wa iska, “A miƙo fulas,” in miƙa.

Ƙasa da gwiwa suka yanke.

Ranar Juma'a da la'asar Yaya ta tafi duba yara, Inna ta farka sosai. Ta daɗe tana kallon inda bargo ya kwanta shafal a gefen hagu. Sai ta ce, “Sa mini ƙawarki in ji abin da kika ce mata.”

Na sa mata iyafis ɗaya, na sa ɗaya. Muka ji tare, daga muryar sauro har zuwa manyan baƙaƙe. Ta cire ta riƙe a hannu.

“Duk ke kika yi wannan maganar? Ashe kina da dogon numfashi.” Ta miƙo mini iyafis ɗin. “Abu ɗaya kika faɗa ba daidai ba. Kin ce kwana bakwai. Na yi kwana goma sha biyu ina ɓoye miki kafin ki ga zanin gadon nan. Ki gaya wa yayarki haka.”

“Ba za ta saurare ni ba.”

“To ni zan gaya mata, tunda bakina ba a yanke ba.”

Ta runtse ido ta cije leɓe. Na tambaye ta ko ɗinkin ne. Ta ce a'a, babban yatsan ne yake mata zugi kamar ana soka masa allura. Lokacin da yana nan bai taɓa yi mata zafi ba ko sau ɗaya.

Wata ma'aikaciyar jinya ta zo sauya ledar ruwa. Tana cikin aikinta ta ɗaga bargo ta leƙa ƙafar dama, ta ce, “Ku kula da wannan fa. Sau da yawa in ɗaya ta tafi ɗayar takan biyo ta.” Ta rataya ledar ta tura kekenta. Ina da tambaya ta kai goma. Na bi bayanta da ido har ta fita.

Na ɗauko waya na buɗe shirin Nas, na kai yatsa kan wurin da ake dannawa a yi magana. A can na san zan iya, ko sau goma sha ɗaya ne zan maimaita har ta fito. Na tsaya ina kallon maɓallin, ina kallon ƙafar Inna ta dama da ta leƙo daga bargo, diddigenta duk faso. Na mayar da wayar jaka.

Washegari da safe likitoci suka shigo zagaye, su bakwai, babban na gaba, sauran na biye da takardu. Suka duba ɗinki, suka yi maganarsu da ba na ganewa, suka juya za su wuce gado na gaba. Na tashi na tsaya a tsakanin gadajen biyu, inda dole sai ta gabana za su bi. Na yi magana, ba abin da ya fito. Babban ya ce, “Na'am?” Na sake, ya matso da kunnensa. A na uku matar gadon kusa ma ta ji.

Na ce, “Ɗaya ƙafar. Me zan yi mata?”

Ya duba agogo, ya miƙa wa na bayansa takardun hannunsa, ya yaye bargon. Ya ce in matso in riƙe diddigen da kaina, zai nuna mini wuraren da zan riƙa dubawa kullum. Na matso na riƙe. Ya fara daga tsakanin yatsu.